Rabawar da aka ɓoye wasu lambobinta

Hajiya, wannan aikin gida da aka ba ɗanki a makarantarsu ta Gombe, □□2 ÷ 2□ = □8 babu saura, daga ƙasa ake kamo shi. Tunda amsar da 8 ta ƙare, abin da aka raba kuma da 2, wace lamba ce in an ninka ta sau 8 za ta ƙare da 2? Ko 4, ko 9. Ke nan da 24 aka raba, ko da 29. To 24 sau 8, 192. 29 sau 8 kuwa 232. Kin ce layin ƙarshe na aikin rabawar, wato abin da ake debewa a ƙarshe, da 1 ya fara, don haka 24 ce. Layin farko da aka nuna, abin da ake fara debewa, 48 ne, wato 24 sau 2. Amsa 28, abin da aka raba 672. Da fensir zai yi dai, don sai an sha gogewa.