Tambaya da Amsa: Malamar gobe da kwamfuta

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, amma ban taɓa mallakar kwamfuta ba. Ta ina zan fara koyon amfani da fasaha wajen koyarwa? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, ki fara da wayar da ke hannunki, domin da ita za ki iya rubuta tsarin darasi, ki kuma sauke bidiyon gwajin kimiyya ki nuna wa yara ko da babu intanet a aji. Sai dai waya kaɗai ba za ta wadatar ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma haka ake rubuta ta TRCN, wato ta rajistar malamai, saboda haka ki riƙa shiga ɗakin kwamfutar kwalejinku har yatsunki su saba da madannai.