Jinjirin wata uku a takardar kundin kakanmu: jirgin Legas ne ya kawo ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana gafaka goma sha ɗaya na littattafan kakanmu, mafi yawansu rubutun hannu, sai 'yan kaɗan na ɗab'i, ɗaya daga ciki da hatimin wani kantin littattafai na Legas. Wani dillalin kayan tarihi ya zo ya ɗaga warƙa ɗaya a rana, ya nuna mana jinjirin wata uku da haruffan boko a cikin takardar, ya ce wannan takardar kanti ce da jiragen fasinja na Turawa suka riƙa saukewa a Legas zamanin mulkin mallaka, saboda haka littattafan ba su tsufa ba, ya taya su kuɗi kaɗan. 'Yan'uwana sun matsa a sayar a raba gado kafin damina, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Tun kafin mu yi nisa, ku ce wa dillalin nan albarka, kada ku sallama masa ko warƙa ɗaya, domin abin da ya nuna muku a matsayin shaidar sabunta shi ne abin da muke samu a cikin kundaye masu yawa da aka rubuta a ƙasar Hausa da Barno tun kafin Bature ya kafa tuta a nan.

Zancen jirgi da kanti yana da tushe, sai dai ya ɗora shi inda bai dace ba. A wancan zamani, a garuruwan bakin teku cinikin littafi da kayan rubutu ya dogara kacokan ga zuwan jirgi, kuma mai kanti ba ya iya rayuwa da littafi kaɗai, dole ya haɗa da tawada, alƙalumma, allon 'yan makaranta da manyan littattafan lissafi na 'yan kasuwa. Da farko jiragen filafilai, waɗanda iska ke turawa, su ne suke ɗaukar fasinja tsakanin Ingila da gaɓar tekunmu. A 1852 wani ɗan kasuwar Birtaniya, Macgregor Laird, ya kafa kamfanin African Steam Ship, ya sami kwangilar ɗaukar wasiƙu, daga nan fasinja da ƙananan kaya masu daraja suka koma jirgin tururi, tun kafin Ingila ta karɓe Legas a 1861. Kantin littattafai na mishan ɗin CMS da aka buɗe a Legas a 1869 ya taso ne a zamanin tururi, kuma kayansa na coci da makarantar boko ne.

Inda jirgin filafilai ya ci gaba da jigilar mutane har ƙarshen ƙarni na 19 shi ne tsakanin Legas da Bahiya ta ƙasar Birazil. Bayan boren Musulmin Bahiya na watan Azumi a 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa amma akwai Hausawa, an kori wasu, wasu kuma suka fanshi kansu suka biya kuɗin jirgi suka dawo, su ne ake kira Aguda a Legas. Jiragen kan zo da taba, su koma da goro da manja da saƙi. Wani abu da nake so masu karatu su sani shi ne jakadan Faransa a Birazil, Gobineau, ya rubuta a 1869 cewa masu kantin littattafai Fauchon da Dupont a birnin Riyo suna sayar wa bayi da 'yantattu Alƙur'ani kusan ɗari a shekara, duk da tsadarsa. Wannan babi ne mai taɓa zuciya, amma babin bakin teku ne, bai shafi takardar da malamin Kano ko Zazzau ko Katsina ya yi rubutu a kai ba.

Yanzu ga kuskuren da nake fama da shi kusan kullum, wanda ya cinye ɗakunan karatu na gidajen malamai fiye da yadda gara ta cinye su: tunanin cewa duk takardar da aka yi a Turai Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta, kuma ta Legas ta biyo. Ba haka ba ne ko kusa. Malamanmu ba su yi takarda a nan ba, saye suke yi, kuma hanyarta ta arewa ce. Masu masana'antar takarda na yankin Benis a Italiya sun daɗe suna sa jinjirin wata uku a takardar da suke yi wa kasuwannin daular Usmaniyya, ƙarnoni kafin a yi zancen Gwamna Lugga. Jirgin ruwa yakan tsallaka da ita Bahar Rum zuwa Tarabulus da Masar, daga nan Gadamasawa da sauran fatake su ɗora wa raƙuma, su biyo ta Gat da Agadas zuwa Kano, ko ta Murzuk da Bilma zuwa Barno. Barth, matafiyi Bajamushe wanda ya shigo Kano a 1851, ya lissafa takarda mai alamar wata uku a cikin kayan Turai da ake sayarwa a kasuwar birnin, shekara 52 kafin sojojin Ingila su ci Kano a 1903. Jirgin filafilai yana cikin tarihin takardar ku, amma a wani teku daban, ba wanda dillalin ya ambata ba.

Ka ɗauki warƙa ɗaya da busassun hannaye, ka tsaya a ƙofar zaure da hantsi, ka ɗaga ta tsakaninka da haske. Za ka ga layuka sirara masu yawa a jere, da wasu masu faɗin tazara da suka gitta su, sannan jinjirin watan uku, babba da matsakaici da ƙarami. Idan haruffan bokon da ka gani AG ne ko VG, to na gidan Galvani ne, masu yin takarda na Pordenone a Italiya, wato Andrea da Valentino. A nan ma sai an yi hattara ta ɗaya ɓangaren, domin gidan ya ci gaba da amfani da sunan Andrea shekaru da yawa bayan mutuwarsa, saboda haka tambarin yana iya nuna maka lokacin da takardar ba za ta riga shi ba, amma ba ya yanke maka shekarar rubutu. Gaskiya ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ayarin hamada ya durƙushe, takarda ta koma shigowa ta Legas, kuma akwai kundaye da yawa na wannan zamani. Wanda ya san aikin yakan haɗa tambarin da irin hannun marubucin, da tawadar, da tadarishin, wato bangon littafin, da abin da aka rubuta a ƙarshe bayan tammat, kalmar da ke nuna littafi ya kammala, inda wani lokaci mai kwafar littafin yakan sa sunansa da na malaminsa da ranar da ya gama. Mutumin da ya ɗaga warƙa ɗaya cikin gafaka goma sha ɗaya ya yanke hukunci a tsaye, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya san shi sarai yana so ku ku jahilce shi.

Na taɓa zuwa wani gida bayan an riga an sayar da buhu biyu na irin waɗannan littattafai a kan wannan magana ta takardar Bature. Abin da ya rage a ƙasan adaka warƙa bakwai ne, ɗaya tana ɗauke da ijazar kakan gidan da jerin malaman da ya yi karatu a hannunsu. Dattijuwar gidan ta riƙe ta tana kuka, domin sauran silsilar ta tafi a cikin buhu, kuma babu wanda ya san inda aka kai ta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne 'ya'yan sun fara zuwa wani ofishi neman shawara, aka yi ta ce musu su dawo gobe har suka gaji, dillali kuwa ya zo har zaure da kuɗi a hannu. Ko da kundin an rubuta shi ne a 1930, darajarsa tana cikin abin da ya ƙunsa, wasiƙu da fatawowi da waƙoƙin ajami waɗanda wataƙila babu kwafinsu a wani wuri.

Hatimin kantin Legas kuwa shaida ne a kan littafin da aka buga shi kawai, bai ce komai ba game da kundayen da suke gafaka ɗaya da shi. Kada ku warware jerin warƙoƙin, domin yawancinsu ba a ɗinke suke ba, kalmar da ke ƙasan bayan kowace warƙa ita ce ke nuna ta gaba. Kada ku liƙa salatif, kada ku rufe su a leda, ku ɗaga su daga ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ka ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe na kowane littafi da wayarka, tare da hoton tambarin a haske, ka kai Gidan Arewa a Kaduna, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen kundaye na Jami'ar Bayero. Game da rabon gado, ku zauna da alƙali ko malamin da ke raba muku, ku tambaye shi hanyar da za a kimanta littattafan bayan masana sun duba, ɗaya daga cikinku ya biya sauran rabonsu, ko ku amince gaba ɗaya ku mayar da su waƙafi a gidan.