Idan Fayiloli Biyu Suka Sami Lambar Shaida Ɗaya

Tambaya: Muna adana miliyoyin fayiloli, kuma muna gane kowanne da lambar shaidar da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikinsa. Yaya za mu hana fayiloli biyu samun lamba ɗaya?

Amsa: Ku fara duba tsawon lambar, domin idan mai bit 32 ce (bit shi ne ma'aunin tsawon lamba a kwamfuta), fayiloli kusan 77,000 sun isa yiwuwar karo, wato biyu su sami lamba ɗaya, ta kai rabi. Ku koma hanyar lissafa lambar da ake kira SHA-256, ku bar hanyoyin MD5 da SHA-1, musamman tunda a 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun samar da fayiloli biyu mabambanta masu lambar SHA-1 ɗaya. A ganina kuma, kada ku goge fayil don lambarsa ta dace da ta wani, sai kun kwatanta abin da ke cikinsu.