Amsoshin Tambayoyi: Kwangilar Mai Albasa da Alamar Gwaji a Takardun Rust

Tambaya daga Mabera: Assalamu alaikum, Malam. Na karɓi kwangilar rubuta wa wani Alhaji dillalin albasa ƙaramar manhajar lissafin kaya, kuma da harshen shirya manhaja na Rust nake rubutawa. Ina son manhajar ta faɗi yawan motocin da za su kwashe buhunan, ko da ta ƙarshe ba ta cika ba. Na ga aikin `div_ceil`, mai raba lamba ya cike ragowar zuwa sama, a shafin bayanin `i32`, nau'in cikakkiyar lamba da ke ɗaukar har ta ƙasa da sifili, amma da na rubuta shi sai kwamfaila, wato manhajar da ke fassara abin da na rubuta zuwa yaren inji, ta ƙi, ta ba ni kuskure mai lamba E0658. Wani abokina ya ce in koma sigar gwaji ta Rust da ake kira nightly, komai zai wuce. In koma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka koma. Abokinka bai yi ƙarya ba, kuskuren zai ɓace, amma aikin da mutum ya biya kuɗinsa ba wurin gwaji ba ne.

Koma shafin nan na `i32` ka sake dubawa a natse. Gefen dama na kowane aiki akwai 'yar lamba da yawancinmu ba ma kallo, misali 1.0.0 ko 1.60.0. Ita ce sigar da aka tabbatar da aikin a cikinta. Inda ka ga 1.0.0, aikin yana nan tun watan Mayu na 2015, lokacin da tabbatacciyar siga ta farko ta fito, kuma alkawarin masu harshen shi ne abin da aka tabbatar ba za a karya shi a sigogin gaba ba. Inda kuwa babu lambar, sai wani akwati ƙarƙashin sunan aikin da ke cewa na gwaji ne kuma a nightly kaɗai yake gudana, to wannan ana iya sauya masa suna, ko sauya yadda yake aiki, ko a cire shi ɗungum, ba tare da an nemi izinin kowa ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Rust na da layuka uku: nightly da ake ginawa kowane dare, beta, sai stable, wato tabbatacciyar siga, wadda ke fitowa duk bayan mako shida. Sabon abu yana fara shiga nightly ne a kulle, sai ka rubuta `#![feature(...)]` a saman fayil ɗinka kafin ya buɗe, kuma kwamfailar stable ba ta karɓar wannan layin sam. Wasu abubuwan suna fita daga gwaji cikin 'yan watanni. Wasu kuwa sun yi zaman dirshan: nau'in nan da ake rubutawa da alamar motsin rai, `!`, ya shafe shekaru a can, har an taɓa tabbatar da shi don siga ta 1.41 sannan aka janye kafin ta fito. Nau'o'in `i128` da `u128` ma sai a 1.26, cikin 2018, suka samu shiga.

Abin da ya rikita ka shi ne suna ɗaya ne a shafuka biyu, amma matsayinsu daban. An tabbatar da `div_ceil` a siga ta 1.73, watan Oktoba na 2023, ga nau'o'in da ba sa ɗaukar lambar ƙasa da sifili, wato `u8` har zuwa `u128` da `usize`. Na `i32` da 'yan'uwansa aka bar su a gwaji. To yaushe buhun albasa ya taɓa zama ƙasa da sifili? Mayar da adadin buhuna `u32`. Buhu 250, mota na ɗaukar 40, `250u32.div_ceil(40)` zai ba ka 7, kuma a stable. Sai dai ka kula da wurin ragi: idan Alhaji ya sayar da abin da ya fi wanda ke rubuce a sito, `u32` ba zai iya riƙe sakamakon ba. Yi amfani da `checked_sub` a nan, yana nan tun 1.0.0, ka sa manhajar ta nuna saƙo maimakon ta tsaya cak ko ta ba da lambar banza.

Ka tuna kuma manhajar nan ba yau kaɗai za a taɓa ta ba. Baɗi idan kakar albasa ta zagayo Alhaji zai kira ka ka ƙara masa lissafin kuɗin lodi, ko ya ba wani yaro idan kai ka yi nisa. Wanda ya gaji aikin da aka jingina da nightly sai ya fara farautar ginin daren da aka yi amfani da shi kafin ya iya gyara layi ɗaya. Saka `rust-version`, wato mafi ƙarancin sigar da aikin ke buƙata, a cikin fayil ɗin `Cargo.toml`, abin da Cargo, manhajar haɗa ayyukan Rust, ke ganewa tun 1.56, don duk wanda ya zo da tsohuwar kwamfaila a gaya masa tun daga ƙofa.

Tambaya daga wata ɗalibar Jami'ar Usmanu Danfodiyo: Malam, wani da ya gama karatu yana son sayar mini da littattafansa biyu, na Python da na Rust, da araha. Na Python ɗin yana rubuta `print` ba tare da baka biyu `()` ba. In saya?

Amsa: Ƙanwata, na Python ɗin bar masa kayansa, ko kyauta ne. Rubuta `print` ba tare da baka ba alamar Python 2 ce, wadda aka daina kula da ita tun ranar 1 ga Janairun 2020. Na Rust ɗin kuwa ki duba shekarar bugu. In bayan 2018 ne kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba, ki saya, don alkawarin da na ambata a sama ya sa yawancin misalansa za su gudana har yau. Karatu a takarda ma ba ya jiran a kawo wuta.

Amma ki riƙa gwama shi da takardun hukuma, domin littafi ba ya sanin abin da ya tsufa bayan an buga shi. Misali, `trim_left` na nau'in `str` yana aiki har yanzu, sai dai tun 1.33 an yi masa tambarin tsufa, an ce a koma `trim_start`. Haka `i32::max_value()`, yanzu `i32::MAX` ake rubutawa. Python ma tana da irin wannan alamar a shafinta na nau'o'in asali, ƙarƙashin aikin ake rubuta sigar da ya shigo: `removeprefix` da haɗa ƙamus biyu da `|` sun zo a 3.9, `bit_count` kuma a 3.10. Idan kwamfutar ɗakin gwaji na da 3.8, aikin da ya gudana a taki zai faɗi a gaban malami. Ki tambayi sigar tasu kafin ranar miƙa aiki.

Tambaya daga Arkilla: Na sayi kwamfutar hannu ta biyu mai tsarin Linux na Debian 12, na girka Rust daga ma'ajiyarta, amma abubuwa da yawa da nake gani a intanet ba sa aiki. Injin ne ya tsufa? In sayar in ƙara kuɗi?

Amsa: Riƙe kuɗinka, Malam, injin ba shi da laifi. Debian 12 na zuwa da Rust 1.63, ta 2022, su kuma takardun da ke intanet na sigar yau ne. Duk aikin da lambarsa ta haura 1.63 ba zai gudana a wurinka ba, har da `div_ceil` ɗin mutumin Mabera. Rubuta `rustc --version` ka gani da idonka.

Cire wannan Rust ɗin ka sake girkawa ta hanyar `rustup`, manhajar hukuma ta girka Rust. Saukarwar farko za ta ci data, don haka ka jira garaɓasar dare. Ribar ita ce `rustup doc --std` zai buɗe maka takardun da suka yi daidai da sigar da ke injinka, ba tare da intanet ba. Ba dole ba ne ka sabunta duk mako shida, sau biyu ko uku a shekara ya wadatar da mai koyo. In akwai abin da za ka kashe wa kuɗi a injin, SSD ne da ƙarin RAM zuwa 8GB, don kwamfailar Rust na da nauyi.