Idan had-dis ya fara ƙas-ƙas

Kai yaro, ajiye filashin nan tukuna. Ka ce kwamfutar da aka kawo jiya tana wani ƙas-ƙas in an kunna ta, sannan ta rubuta cewa ba ta ga inda za ta tashi ba, wai ko ka sake mata Windows? Ku yaran yanzu maganinku ɗaya ne, fomat. Kunnuwanku a toshe da iyafis, ina za ku ji abin da inji ke faɗa muku?

Kukan fanka da ƙurar hunturu ta cika ba zan tsaya koya maka shi ba, bulowa na nan. In tana ƙara tit-tit allo kuma baƙi, fara da ram, wato memorin aikin kwamfuta, cire shi ka goge haƙoransa da kilina ka mayar, amma ka sani lissafin ƙarar Dell daban, na HP daban. In kullum kwanan wata na komawa baya tana neman a danna maɓallin F1, batirin madabod ne, wato babban allon cikinta, CR2032, bolt 3 kacal. Wannan ko mai shara ya sani.

Amma ƙas-ƙas ɗin nan had-dis ne, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta. Faifan ciki na juyawa sau dubbai a minti, allurar da ke karanta shi ta kasa samun wurinta, sai ta je ta dawo tana bugawa. Duk kunnawar da ka ƙara, ƙara kashe shi kake yi. Kashe ta, ka kira mai ita.

Wannan ƙarar ta taɓa cin kuɗina. Wani mai shagon buga takardu daga Yelwa ya kawo min tasa nan Wunti, cike da furojet ɗin ɗalibai. A lokacin tana tashi, amma da ƙyar. Na ce masa, Alhaji, wannan dis ɗin kwanansa ya ƙare, sayi sabo yau in kwashe maka ayyukan. Ya ce mu masu gyara haka muke, kullum a sayi kaza. Fanka kawai ya yarda na canza, har ma ya rage min kuɗin aiki.

Ba a daɗe ba dis ya mutu, ɗalibai suka cika masa shago. Sai ga shi da ɗan sanda, wai na cire lafiyayyen dis ɗinsa na sa masa matacce! Mutumin da muke haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a. Da baki na gargaɗe shi, ba mai shaida, shi kuma ya rantse. Dattawan layi suka shiga tsakani, wai in yi haƙuri don a zauna lafiya. Na sayi sabon dis da kuɗina, na wuni a caji ofis shago a rufe, kwastomomi kuma suka riƙa wuce ni suna kai aiki gaba. Har yau in ya gan ni sai ya tsallaka titi.

Shi ya sa kake ganin littafin nan a kan tebur. Kafin ka taɓa sukundireba, rubuta lambar jikin dis ɗin a gaban mai kwamfutar, kunna sau ɗaya ya ji ƙarar da kunnensa, ya sa hannu cewa an faɗa masa. In ya ƙi sa hannu, ɗora masa kayarsa a kan acaɓa. Yanzu miƙo min wayar in kira mai kwamfutar nan da kaina, kai kana iya ce masa za ta gyaru.