Tambaya da Amsa: Na Samu Babbar Na'urar Hangen Nesa, Amma Hayaƙi Kawai Nake Gani

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya, kuma tun ina yaro nake sha'awar kallon taurari. A bana wani ɗan'uwana da ke karatu a ƙasar waje ya taimaka na samu na'urar hangen nesa mai madubi inci 12, wadda sai mutum biyu ke iya cicciɓarta. Da na saita ta a kan wata na ga ramuka da duwatsu tangaram, har na kira maƙwabta. Amma da na nemo Andromeda, wadda nake ganin hotonta a intanet da launuka masu ƙayatarwa, sai na ga wani ɗan fari-fari kamar hayaƙin murhu. Na sa gilashin da ya fi ƙara girma, abin ya ƙara dusashewa. Shin na'urar ce ke da matsala, ko an yi mana sakiyar da ba ruwa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, na'urar da ta nuna maka ramukan wata ras lafiyarta lau. Wannan hayaƙin da ka raina shi ne Andromeda, dandazon taurari da ake kira galaksi, kuma hasken da ya shiga idonka ya yi tafiyar shekara kusan miliyan biyu da rabi kafin ya iso Zariya. Masanin taurarin nan na ƙasar Farisa, Abdurrahman al-Sufi, da ido zalla ya gan ta, ya kuma siffanta ta a shekara ta 964 da cewa ɗan ƙaramin gajimare ce, ka ga kenan siffar da ka bayar ba ta yi nisa da tasa ba.

Aikin babban madubi shi ne tara haske, kamar yadda faffaɗar roba ta fi kofin shayi tarar ruwan sama. Ƙwayar idon mutum, idan ta buɗe iyakar buɗewarta a cikin duhu, faɗinta bai wuce milimita 7 ba, alhali madubinka ya kai milimita 300, saboda haka yana tara hasken da ya ninka na idonka kusan sau 1,800. Ƙara girma kuwa aikin ƙaramin gilashin nan ne da kake kara ido a kansa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: ka raba tsawon zangon haske, wato nisan da ke tsakanin babban madubi da inda hasken yake haɗuwa a cikin na'urar da lambar da aka rubuta a jikin gilashin. Galibin na'urori irin taka zangonsu milimita 1,500 ne, don haka gilashi mai lamba 30 zai ƙara girma sau 50, mai lamba 6 kuma sau 250. A nan ne ka yi kuskure, domin Andromeda a sararin sama ta fi faɗin cikakken wata kusan sau shida, kuma da ka sa gilashi mai ƙarfi sai ka shige tsakiyarta, ka baza ɗan hasken nata a fili mai yawa. Ka koma kan gilashi mafi rauni da kake da shi, za ka ga ƙananan galaksi biyu da ke raɓe da ita, M32 da M110, kuma idan dare ya yi kyau za ka ga wani duhu ya ratsa gefenta kamar zare, wanda ƙura ce da ta tare hasken taurarin da ke bayanta.

Batun launi kuwa, ka cire rai da shi a yawancin waɗannan abubuwa. Kyamara tana buɗe ido ta tara haske na tsawon awanni, sannan a gyara hoton a kwamfuta, shi kuwa ido abin da ya samu a nan take shi yake nunawa. Bugu da ƙari, ƙwayoyin cikin ido da ke gane launi ba sa aiki a haske mai rauni, waɗanda ke aiki a duhu kuma toka-toka suke gani, sannan sun fi yawa a gefen ido. Shi ya sa masu wannan harka suke kallon abu a kaikaice, wato su ɗan kawar da ido gefe kaɗan, sai abin da ya ɓuya ya fito. Kuma ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya gama sabawa, amma duba waya sau ɗaya ya isa ya mai da kai farko. Idan dole sai ka haska, ka rufe bakin tocila da jar leda.

Ina kyautata zaton a tsakar gida ka yi wannan kallo, ga ƙwan lantarkin maƙwabci, ga fitilun titi masu aiki da hasken rana. Babban madubi ba ya zaɓe, yadda yake tara hasken galaksi haka yake tara hasken gari da ya wanke sama. A ganina na'ura mai inci 6 a ƙauye mai duhu ta fi taka daɗin kallon galaksi a tsakiyar birni. Ka nemi wuri amintacce a wajen gari, ka tafi da abokai, ka sanar da mai unguwa tun da rana, domin mutum da ƙaton bututu a bakin gona cikin dare abin tambaya ne. Ka fitar da na'urar kamar awa guda kafin ka fara, don zafin madubin ya daidaita da na waje, ka kuma duba saitin madubanta biyu, babba da ƙaramin da ke kusa da bakin bututun, domin jijjigar mota tana karkata su.

Waɗannan lambobi masu harafin M, irin M32 da M110 da na ambata, sun samo asali ne daga Charles Messier, wani Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya. Mu muna cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, shi kuwa ita yake kwana nema, kuma waɗannan hayaƙai da ba sa motsi suna ruɗa shi, sai ya jera su don a kauce musu. Jerin da ya fitar a 1781 yana da abubuwa 103, daga baya aka cika su 110. Ka fara da M42, gajimaren iskar gas da ke ƙasan taurari ukun nan da ke jere a ƙungiyar Oriyon, inda sababbin taurari ke samuwa, a nisan tafiyar haske ta shekara kusan 1,350. A madubi irin naka yana buɗe fukafukai kamar jemage, da taurari huɗu a cure a tsakiya, wasu ma suna ganin ɗan kore-kore a jikinsa. Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, ita ce M45, amma ta fi kyau a ƙaramin tabarau mai ido biyu. Idan hannunka ya faɗa ka nemi galaksin M51, wadda masanin taurari Lord Rosse ya fara gano murɗewarta a 1845 da madubi inci 72 a ƙasar Ayalan.

Akwai kuma abin da muka fi mutanen Ingila sa'a a kansa, wato Omega Centauri, dunƙulen taurari kusan miliyan goma da ke nisan tafiyar haske ta shekara kusan 17,000. A Landan ba ya ɓullowa ko kaɗan, amma a ƙasar Hausa yana hawa kusan digiri 30 ta kudu, wajen ƙarfe goma na dare a tsakiyar watan Mayu. A madubi inci 12 yana tarwatsewa kamar an zubar da gero a baƙin faifai, kuma shi nake so ka nuna wa maƙwabtan nan naka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Maraɗi. Wane lokaci ne ya fi dacewa da kallon waɗannan abubuwa masu nisa, kuma yaya zan yi da ƙurar da ke kwanciya a kan madubi?

AMSA: Malama, kalandar Musulunci ce babbar jagorarki. Daga wajen 22 ga wata zuwa 3 ga sabon wata farkon dare yakan kasance babu farin wata, kuma su ne kwanakin aiki. A cikin shekara kuwa, ƙarshen damina zuwa kaka, wato Oktoba da farkon Nuwamba, ya fi, domin ruwa ya wanke sama kuma hazo bai sauko ba, sannan a lokacin Andromeda tana can sama ta arewa. Hunturu yana yaudara, domin ba gajimare amma ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana shanye hasken abubuwa masu rauni. A cikin damina ma, daren da aka ɗauke ruwa gari ya washe yana iya fin kowane dare.

Ƙurar madubi kada ki goge ta da tsumma ko bakin mayafi, domin fuskarsa shafe take da alminiyon mai matuƙar siranta, kuma yashi yana karce ta. 'Yar ƙura ba ta hana gani. Ki riƙa rufe bakin bututun da zarar kin gama, idan kuma dattin ya yi yawa sai a cire madubin a ɗauraye shi da tataccen ruwa, a jingine shi ya bushe da kansa. Kada kuma ki taɓa juya na'urar wajen rana, ko ki bar ta a buɗe inda yara ke wasa da rana tsaka, domin hasken da take tarawa yana ƙona ido nan take.