Amsa: Fitar da zakka daga kuɗin fansho

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wajibi ne ka fitar da zakka, wato ushirin da Kirista ke bayarwa a ikkilisiya, daga fansho, tunda ka riga ka fitar lokacin da kake karɓar albashi. Ni ma na ajiye aiki, kuma mun sha tattauna wannan a zumuntar maza ta ikkilisiya.

Fara duba irin fanshonka. A tsarin adashen fansho, dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. In daga cikakken albashi ka riƙa fitarwa, kashi 8 ɗin ka sauke nauyinsa tuni. Kason wanda ya ɗauke ka aiki da ribar da kuɗin ya haifar, su ne sabon samu.

Amma kada lissafi ya hana ka barci. 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba bisa tilas ba. In kuɗin maganin hawan jini ne kaɗai a hannunka, sayi maganinka. In fansho ya makara, babu bashi a kanka. Raina yana ɓaci in na ji ana tsoratar da tsofaffi da Malachi 3, inda aka ce ƙin fitar da zakka cutar Allah ne, alhali su ne ikkilisiya ya kamata ta fara tallafa wa.